Inji ya ƙi mutuwa a teku, makulli kuma yana hannuna

Awudu_Nima441:
Assalamu alaikum. Masu sana'ar inji ku taimake ni, har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Jirgin katako ne na kawuna, muna kamun kifi da shi daga Tema a Gana, ni nake kula da inji. Injin babbar mota ne aka mayar na ruwa, fistan shida, da turbo mai cusa masa iska. Jiya Laraba da asuba muna dawowa, mun fara hango fitilun tasha, igiyar ruwa na jijjiga mu, sai na ji kukan inji ya canza kamar wani ya danne totur har ƙasa, alhali ba wanda ya taɓa shi. Allurar da ta saba zama a 1,800 ta wuce 3,000 ta je ta jingina da ƙarshen agogo. Na dawo da totur baya, ko gezau. Na murɗa makulli na zare, ga shi a hannuna, inji na ta ihu. Na ja wayar kashewa, na rufe famfon tanki, duk a banza. Hayaƙi fari mai shuɗi-shuɗi ya turnuƙe mu har ba na ganin na kusa da ni. Wani dattijo ɗan Fanti da muke aiki tare shi ya yi ta maza, ya fizge matatar iska ya kifa katakon da muke yanka kifi a bakin bututun. Inji ya yi tari sau uku ya mutu. Wani jirgi ya jawo mu zuwa gaɓa. Me ya kawo wannan? Kawu na cewa a juye baƙin mai kawai a tayar a ji.

MastaIssah_Suame:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka kuskura ka mayar da makullin nan. Ka ce wa kawu ya yi haƙuri tukuna. Je ka zaro gejin baƙin mai ka duba inda man ya tsaya, ka shinshina, ka murza shi tsakanin yatsu. Ka dawo ka faɗa mini abin da ka gani.

ƊanMamobi:
Tsaya Awudu. Laraba da asuba kuna dawowa? Ke nan Talata ta same ku a ruwa. Mutanen Ga da Fanti ba banza suka bar teku ta huta ran Talata ba. Ni dai na faɗi nawa.

MalamTanko_SabonZango:
ƊanMamobi, ka ji tsoron Allah. Bawan Allah ya tsallake rijiya da baya, kai kana kawo masa camfi. Hutun Talata al'adar masunta ce, muna girmama ta don zaman tare, amma inji bai san ranakun mako ba. Awudu, barka da arziki, Allah ya tsare gaba.

Rakia_Nungua:
Amin Malam. Yaya Awudu, bari in yi maka bayanin abin da ya sa makulli bai yi aiki ba, don shi ne ya fi ruɗa mutane. Injin fetur yana da fulogi, ka yanke wuta ya mutu. Na dizal ba shi da fulogi ko ɗaya. Iska fistan yake matsewa har zafinta ya haura digiri 500, sai nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. Saboda haka muddin iska na shiga kuma akwai abin ƙonawa, ba ruwansa da batir ko makulli. Kuma ba dizal kaɗai yake ci ba. Baƙin man da ke cikinsa ma abinci ne a wurinsa. Idan ya sami hanyar shiga ta bututun iska, inji zai sha, ya ƙara gudu, ƙarin gudun ya sa ya ƙara zuƙo man, haka za a yi ta yi har man ya ƙare ko wani ƙarfe ya fasa bulo, wato gangar jikin injin, ya fito. Gwamna, na'urar daidaita gudu da ke jikin injekta (famfon da ke tura mai zuwa nozul), dizal kawai yake iya ragewa, ba shi da iko da man da ya shigo ta bayan gida.

Fuseini_AbosseyOkai:
Turbo ne, ba sai an wahala ba. Sil ɗinsa mai hana mai zurarewa ya tafi, yana tura baƙin mai cikin inji. Irin wannan sau nawa aka kawo mini a shago. Ka turo lambar da ke jikinsa in duba maka.

Zulai_Aboabo:
Fuseini kai kuma ko ciwon kai mutum ya ce yana yi sai ka ce turbo ne, tunda shi kake sayarwa.

Direban_Bawku:
Wannan abu ya taɓa samuna da lodin albasa, bayan Techiman. Abin da na yi, na taka kuloci na jefa babbar giya, na danne birki iya ƙarfina, na saki kuloci. Mota ta yi tsalle ta mutu. Kuloci ya ƙone amma inji ya tsira. Me ya hana ku yin haka?

BabaSeidu_Yeji:
Direba, ɗana, ruwa ba kwalta ba ne. Ina birkin da za ka taka? Farfela cikin ruwa take juyawa, ruwan kuma kaucewa yake yi, ba zai riƙe inji har ya mutu ba. Iyaka in yana cikin giya, nauyin farfela na ɗan rage masa hauka. Kuskuren da yara ke yi shi ne su firgita su mayar da giya firi don jirgi ya daina gudu. To nan ne ka cire masa kayan da ke kansa, sai ya tashi sama gaba ɗaya. In kuma a firi abin ya same ka, jefa giya a wannan gudun na iya farfasa giyabos. Awudu, kuna cikin giya ko kun cire?

Awudu_Nima441:
Baba, muna ciki. Mai tuƙi ya kai hannu zai cire, dattijon nan ya daka masa tsawa ya bari, ya ce ya juya kan jirgi waje kada mu afka wa kwalekwalen mutane. Masta Issah, na duba. Man ya wuce layin sama da kusan faɗin yatsa uku, duk da wanda ya ƙone. Warin dizal yake yi sosai, kuma ya tsinke, ba danƙo, kamar ruwan shayi. ƊanMamobi kuma, sai bayan isha'i muka fita, ka kwantar da hankalinka.

MastaIssah_Suame:
To ka gani. Inji ba ya haihuwar mai. In ba kai ka zuba ya wuce layi ba, dizal ne ke zurarewa yana sauka ƙasa. Wurare uku nake fara dubawa. Na farko ƙaramin famfon nan da ke jan mai daga tanki, wanda ke manne a jikin bulo. Akwai fatar roba a cikinsa, in ta yage dizal na bi ta nan kai tsaye ya gangara cikin baƙin mai, kuma inji zai ci gaba da aiki lafiya lau, ba za ka ji komai ba. Sai sil na gaban injekta. Sai nozul mai ɗiga maimakon feshi, man ya wanke jikin silinda ya wuce ringi. Yanzu haɗa lissafin: kasko ya cika ya tumbatsa da mai tsinkakke, ga jirgi na tangaɗi, karanshaf, babbar sandar da fistan ke juyawa, na dukansa yana mayar da shi kumfa da tururi. Ina zai bi? Sai bututun numfashi, mai fitar da tururi daga kaskon. Ina naku ya nufa?

Awudu_Nima441:
Cikin bututun iska aka haɗa shi, gab da bakin turbo. Wanda ya ɗaura injin ya ce don kada tururi ya cika ɗakin inji.

MastaIssah_Suame:
Shi ke nan, da hannunku kuka ba shi cokali.

Rakia_Nungua:
Masta, a nan zan ɗan saɓa maka, ka yi mini afuwa. Mayar da numfashi cikin bututun iska ba laifi ba ne a kan kansa, injinan ruwa da yawa haka suke zuwa daga kamfani, domin ɗakin inji rufaffe ne. Amma akan sa ƙaramar tukunya a tsakani mai raba mai da tururi, man ya koma ƙasa. In tiyo ne kawai aka ja daga nan zuwa can, to maganarka ta tabbata.

MastaIssah_Suame:
'Yata, ba saɓani. Ke kin karanta a makaranta, ni na ƙone hannu a Magazin, unguwar makanikai ta Suame a Kumasi, wuri ɗaya muka iso. Na yi rantsuwa ba kaffara tiyo ne tsura.

Fuseini_AbosseyOkai:
Ni fa ban janye ba. Mai tsinkakke shi ne ya fi saurin wuce sil ɗin turbo. Ku cire tiyon da ya fito daga turbo zuwa inji ku leƙa. In kun ga mai kwance, ku zo ku ba ni haƙuri, har da Zulai.

Inusah_Takoradi:
Kowa na ta maganar baƙin mai, an manta akwai nau'i na biyu. Wani lokaci dizal ɗin ne da kansa. Sandar da ke cikin injekta mai ƙara mai da ragewa takan cije a buɗe, musamman injin da ya daɗe a ajiye ga iskar gishiri, ko wanda ruwa ya shiga mansa. Mu nan bayan hutun kamun kifi na watan Yuli ake yawan jin irin haka, an bar inji wata guda ba a taɓa ba, ranar farko a tayar ya tashi sama. Bambancin shi ne wannan in ka rufe famfon tanki zai mutu, sai dai ba nan take ba, sai ya shanye abin da ke cikin filta da bututu. Hayaƙinsa kuma ya fi yin baƙi. Awudu, minti nawa tsakanin rufe famfo da kifa katako?

Awudu_Nima441:
Yaya Inusah, wallahi a lokacin na ɗauka awa guda ce. Amma da na zauna na tuna, bai fi minti ɗaya da rabi ba.

Inusah_Takoradi:
To minti ɗaya da rabi bai isa a wanke injekta daga zargi ba. A kai ta benci a gwada.

BabaSeidu_Yeji:
Maganar Inusah ta tuna mini da tsofaffin injinan Detroit na Amurka, 6-71, masu bugu biyu. Tun 1938 ake ƙera su, kuma mun yi aiki da su a tafkin Volta muna samari. Kowane silinda da injektarsa, sanda ɗaya ta haɗa su, ɗaya ta cije sai ta riƙe sauran. Masu ƙera shi sun san halinsa, shi ya sa suka sa masa ƙofar ƙarfe a bakin iska. Ka ja waya ta faɗo, fam, inji ya shaƙe. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba ya yarda a tayar da inji bayan gyara sai yaro na tsaye da falanki a hannu kusa da bakin iska. Ni ne yaron, shekara biyu ina riƙon falanki ina jin haushi, a ganina wulaƙanci ne. Ran da ya yi amfani, muna tsakanin Yeji da Makango da mata 'yan kasuwa da buhunan doya. Ban san lokacin da na kifa shi ba. Da aka ɗaga, sai ga zoben bakin bututun ya fito a jikin katakon kamar an buga hatimi. Daga ranar na daina ƙorafi.

MalamTanko_SabonZango:
Allah ya jiƙan maigidanka Baba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Salifu_Ashaiman:
Tambaya daga ɗan koyo. In babu katako kusa fa? Ba sai mutum ya cusa riga ko ya toshe da tafin hannu ba?

MastaIssah_Suame:
Salifu, hannu? Kada in sake jin wannan daga bakinka. Fankar turbo na juyi dubu goma-goma a minti, kai ma ka san abin da za ta yi wa yatsu. Riga kuma zuƙe ta zai yi, ya niƙa, ya ci gaba da gudu, ka yi asarar riga ka ƙara ɓarna. A ƙaramin inji marar turbo, tawul mai kauri da aka dunƙule yakan yi aiki, amma a irin na su Awudu sai abu mai tauri, shimfiɗaɗɗe, wanda ya fi bakin faɗi. Kuma ban da jallabiya ko rawani mai jela a ɗakin inji. Ka tsaya ta gaba ko ta inda bakin iska yake, ka guji gefen bulo da saitin filawil, faifan ƙarfen nan na bayan inji, don in konrod, sandar da ke haɗa fistan da karanshaf, zai fito ta gefe yake fitowa.

Rakia_Nungua:
Abin da ya fi katako sauƙi shi ne tukunyar kashe gobara ta CO2, mai baki kamar kakaki. Ka fesa a bakin iska kada ka saki har inji ya tsaya cak, in ka saki da wuri zai farfaɗo. Ba ta barin datti a ciki. Mai hoda ma za ta iya kashe shi, amma hodar za ta shiga silinda, sai an sauke inji. Ruwa kuwa kada a soma, ba ya matsuwa, konrod zai lanƙwashe nan take. Sai dai a kula, CO2 a rufaffen ɗaki yana shaƙe mutum kamar yadda yake shaƙe inji. Ka fesa ka fito sama.

HajiyaKifi_Tema:
Ku dakata da turancin inji ku ji ta bakin mai zuba kuɗi. Ni nake ba jiragen ruwa biyu kuɗin mai da ƙanƙara, su kawo mini kifi. Duk ran da na ce a sayi tukunyar kashe gobara sai a ce Hajiya kifi bai yi ba bana. Amma kuɗin sabuwar waya ba ya gagara. Awudu ɗana, tsakaninka da Allah, yaushe rabonka da zaro gejin nan kafin ranar?

Awudu_Nima441:
Hajiya, ba zan yi miki ƙarya ba. Kullum nake dubawa, amma ni raguwa nake nema. Sati biyu ke nan na lura ba ya raguwa, har na yi wa kawu albishir cewa inji ya daina shan mai. Murna muka yi.

Zulai_Aboabo:
Innalillahi. Albishir!

HajiyaKifi_Tema:
Na ji daɗi da ka faɗi gaskiya. Gobe zan tara nawa yaran in karanta musu wannan da bakina.

MastaIssah_Suame:
Kada ka ji kunya ƙanena, manyan fitoci ma sun faɗa wannan ramin. Tsohon inji da ya saba shan mai ya wayi gari ya daina, ba warkewa ya yi ba. Ga gwaji na kyauta: ɗiga digo ɗaya daga geji a kan farar takarda ka ajiye. In akwai dizal za ka ga wani zobe mai haske ya bazu ya kewaye baƙin ɗigon.

Injiniya_Alhassan:
Akwai hanya ta uku da ba a ambata ba, kuma ita ta fi ba ni tsoro: iskar da inji ke shaƙa. In tukunyar gas ta girki na yoyo a jirgi, gas ɗin ya fi iska nauyi, ƙasa yake gangarawa ya taru inda inji yake. Haka tururin fetur, ga masu ajiye jarkokin firimis, fetur ɗin injin kwalekwale, a ƙasa. Inji zai shaƙa ya gudu, kuma ba famfon da za ka rufe. A Afrilun 2010 a dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon a tekun Meksiko, gas ya shiga ɗakin injinan dizal suka yi gudun wuce kima kafin fashewar, mutum 11 suka rasu. Shi ya sa a wuraren haƙar mai ake sa wa injinan dizal bawul mai rufe iska da kansa in gudu ya wuce ƙa'ida. Ana samun irinsa na hannu mai waya, kuma ɗaura shi ba wani aiki ba ne.

Salifu_Ashaiman:
Mu a gareji da fetur muke wanke matatar iska fa.

MastaIssah_Suame:
Ku daina. In kuma irin tsohuwar matatar nan ce mai kaskon mai a ƙasa, kada a cika ta wuce layi, ita ma tana shayar da inji.

ƊanMamobi:
To ni duk na ji, amma a kawo injin Kumasi ko a gyara a Ankara (Accra)? Don na san Masta zai ce duk Gana ba makaniki sai a Suame.

Fuseini_AbosseyOkai:
Kuɗin motar da za ta kai shi Kumasi ta dawo ya isa sayen rabin kayan. Kasuwar kayan gyara ta Abossey Okai na nan Ankara, ta Kokompe na nan, a Tema ma akwai masu gwada injekta.

MastaIssah_Suame:
Ni ban ce a kawo ba. Kayan da kuke sayarwa ma in sun gagare ku wurinmu kuke aikowa a fiƙe. Amma wannan aikin a yi shi a bakin ruwa, inda mai jirgi zai tsaya a kai.

Admin_Mumuni:
Jama'a a bar faɗan Kumasi da Ankara, an yi shi a zaren waken jiya bai ƙare ba. A koma kan tambayar Awudu ta biyu: ya tayar ko kada ya tayar?

Rakia_Nungua:
Kada ya tayar. Ko an gano inda dizal ke bi, injin da ya yi wannan gudun sai an duba lafiyarsa. A buɗe murfin sama a ga sandunan tura bawul, sukan lanƙwashe in bawul ya gaza komawa ya haɗu da fistan. A cire nozul duka a juya inji da hannu zagaye biyu, a ji ko yana cijewa, kuma duk man da ya taru a kan fistan ya fito. A auna matsin kowane silinda. A yanka tsohuwar filtar baƙin mai a buɗe takardar a rana, in akwai ƙyalli kamar garin tagulla, metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kai ya ci. Sannan abin da aka fi mantawa: duk tiyo da bututun iska, da akwatin sanyaya iska in akwai, sai an wanke an busar. In an bar mai kwance a ciki, sabon turbo ma ba zai hana shi sake gudu ba a tashin farko.

BabaSeidu_Yeji:
Kuma ranar tashin farko a ɗaure jirgi da kyau, a cire matatar iska tun kafin, mutum ɗaya ya tsaya da falanki. Ba mai riƙe waya yana ɗaukar bidiyo ba.

Awudu_Nima441:
Salam, na dawo bayan kwana uku. Kawu ya yarda bayan na karanta masa maganar Hajiya. Mun buɗe ƙaramin famfon, fatar robar ta tsage kamar tsawon farce. Sandunan bawul biyu sun lanƙwashe, mun mirgina su a kan gilashi suna rawa. Filta ba ƙyalli, alhamdu lillahi. Tiyon numfashi tsura ne kamar yadda Masta ya rantse. Amma Yaya Fuseini, mun sami mai kwance a tiyon bayan turbo, kusan rabin kofin shayi, kuma sandar turbo na ɗan motsi in an girgiza. Injekta tana wurin gwaji, sai Litinin.

Fuseini_AbosseyOkai:
Zulai, ina jira.

MastaIssah_Suame:
Jira me? Numfashi a gaban turbo yake zuba, dole man ya bi ta cikinsa ya kwanta a baya. Wannan ba shaida ba ce. Ɗan motsi gefe da gefe kuma kowane turbo na da shi in ba mai a ciki. Awudu, ja sandar gaba da baya, shi ne ba a so. Ka kuma duba ko fanka ta goge jikin gidanta.

Fuseini_AbosseyOkai:
Turbon da ya sha wannan gudun da tsinkakken mai, ni ba zan fita teku da shi ba ko an wanke shi daga laifi.

Inusah_Takoradi:
Ni dai sai na ji sakamakon Litinin.

BabaSeidu_Yeji:
Awudu, dattijon nan ɗan Fanti, an yi masa wani abu kuwa?

Awudu_Nima441:
Baba, kawu ya ba shi kuɗi ya ƙi karɓa. Ya ce a saya masa sabon katakon yankan kifi kawai, don na ƙi mayar masa da tsohon. Zoben da ka faɗa ya fito a jikinsa sak, har da ɓawon kifi a manne. Na huda shi na sa igiya na rataye kusa da bakin iska. Yaya Fuseini, turo mini farashin famfon da sandunan bawul biyu ta akwatin sirri, ban da turbo tukuna.